SAYE KO HAYA: SHAWARA GA MATASANMU MASU SON KAFA SANA'AR GYARAN BISHIYA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a keɓe mana lokaci domin mu tattauna wani al'amari da wasu za su ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ya shafi jarin 'ya'yanmu, da lafiyar jikinsu, da itatuwan da iyaye da kakanni suka bar mana a gonaki. Dalilin wannan jawabi shi ne buƙatar da wasu matasanmu suka gabatar wa ƙungiya, cewa a taimaka musu da jari su kafa sana'ar gyaran bishiya, wato rage rassan da suka yi nauyi, da sauke busasshiyar bishiya ba tare da ta faɗa wa gini ko mutum ba, da kwashe abin da iska ta karya. A jerin kayan aikin da suka rubuto, abin da ya fi kowanne tsada shi ne injin daddatsa rassa, irin wanda suke gani a hotunan bidiyo na ƙasashen Turai da Amurka, wanda ake cusa wa reshe ta baya ya feso shi ɓarɓashi ta gaba.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: a saya musu wannan inji, ko su riƙa ɗaukar hayarsa, ko kuwa akwai abin da ya kamata a fara da shi kafin a kai gare shi? Da yake mu mazauna birane mu ne ake zuwa wa da irin wannan buƙata, ko daga ɗa, ko ƙane, ko ɗan ɗan'uwa, ya zama wajibi mu san amsar da za mu bayar kafin mu zura hannu a aljihu. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne sana'ar tana da kyau kuma ta cancanci tallafi, amma a fara da haya, a ƙirga kwanakin aiki na shekara guda, sannan idan lissafi ya nuna a saya, to a saya da sunan ƙungiya. Sauran jawabin bayanin hujjojinmu ne.

DUKIYAR DA KE TSAYE A GONAKINMU

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ƙauyukan Dawakin Tofa da Minjibir da Makoɗa, zai ga gona na manne da gona babu fili a tsakani, amma kuma ko'ina ya duba sai ya ga gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya da darbejiya a tsaye cikin gero da dawa. Wannan tsari ya daɗe yana ba masana mamaki. Marigayi Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi a 1990 a kan itacen girki a Kano, inda suka nuna cewa duk da yawan jama'a, da farin da aka yi a farkon shekarun 1970, itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin ba su ragu ba. Sun kuma nuna cewa itacen da birni ke ƙonawa, wanda a da jakuna ke kawo shi daga ƙauyukan kusa, ya koma zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa.

Sirrin abin ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. A ƙasarmu kowace bishiya tana da mai ita, kuma mai ita ba ya kayar da ita, sai dai ya rage mata reshe ya bar ta ta sake tofowa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci, ga 'ya'yansa abincin tumaki da awaki, ga ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Ɗorawa ta ba mu kalwa da garin ɗorawa, kuka ta ba mu miya, tsamiya ta ba mu kunu. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi a Nijar sun gane haka bayan da gonakinsu suka zama fayau. Daga 1983, tare da wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato a daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma da adda da wuƙa aka yi aikin.

Saboda haka gyaran bishiya ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin da ya sauya shi ne yanayin aikin. Darbejiyar da aka dasa a makarantu da asibitoci da bakin titi shekaru da dama da suka wuce ta tsufa, rassanta sun rufe rufin kwano da wayoyin lantarki. Shingayen bishiyar turare da aka dasa domin tare iska a yankin Ɗambatta sun girma, har binciken da aka yi a Yambawa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa saiwoyinsu na rage amfanin geron da ke kusa da su, kuma datse saiwoyin na gyara lamarin. A birni kuwa, unguwanni irin su Nassarawa da Bompai cike suke da tsofaffin itatuwa a harabar gidaje, inda kuskure ɗaya zai rushe katanga ko ya murƙushe mota. Duk wannan aiki ne da ke neman gwani, kuma za a biya shi.

ME YA SA BATURE KE SAYEN WANNAN INJI?

Kafin mu kwaikwayi mutum, yana da kyau mu san abin da ya sa yake yin abin da yake yi. A Ingila ko Jamus, idan mai gyaran bishiya ya sauke rassa a gidan wani, waɗannan rassa shara ce. Babu mai ɗauka, doka ta taƙaita ƙona su, kuma idan ya kai su juji sai ya biya kuɗi kafin a karɓa. Ladan lebura a can yana da tsada ƙwarai. Injin daddatsawa shi ke mayar da tulin da zai ci sawu da yawa ya koma lodi ɗaya, ya rage masa kuɗin mota da na ma'aikata. Wato a can injin maganin shara ne.

Mu duba namu yanayin. Idan aka sauke babban reshen darbejiya ko na marke a garinmu, gungumen na masu gidan burodi ne ko masu faskare. Matsakaitan rassa a ɗaure su dami-dami a sayar wa masu tuyar ƙosai da masu tsire da masu turara shinkafa. Mai kyau a ciki masassaƙa su ɗauka su yi ƙotar fartanya ko taɓarya. Ƙirare mata da yara su tsince, ganyen gawo da na kanya awaki su cinye, ƙaya a yi shinge da ita. Kafin rana ta faɗi wurin ya zama kamar an share. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kananzir da iskar gas suka ƙara tsada, gidaje da yawa suka koma ga itace da gawayi. Ashe ke nan matashin da ya cusa reshe mai kauri cikin inji, ya ƙona fetur mai tsada ne domin ya lalata abin da zai sayar da kuɗi a hannu.

Wannan ba ya nufin injin ba shi da wurin amfani ko kaɗan. Akwai tarkacen da ba su da mai saye, kamar ganye da ƙananan rassan turare waɗanda dabbobi ba sa ci, da tulin sassaben lambunan mangwaro da gwaiba. Akwai kuma aikin birni, inda mai gida ke son a bar masa harabarsa tsaf a ranar, kuma kuɗin a-kori-kura zuwa juji kan cinye ribar aikin. A nan ne kaɗai injin ke biyan kansa, kuma yawan irin wannan aiki shi ne abin da ya kamata a ƙirga.

YADDA INJIN YAKE DA ABIN DA YAKE CI

A cikin injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, ko kuma ganga, da aka ɗaura wa wuƙaƙe, yana juyawa da ƙarfin gaske yana yanka reshe a jikin wata maƙera. Ana auna girman inji ne da kaurin reshen da zai iya haɗiya. Ƙarami mai amfani da fetur, mai ƙarfin dawaki 7 ko kusa da haka, ba ya wuce reshe mai kaurin inci 3. Wanda ƙwararru ke amfani da shi, mai cin inci 6, mota ce ke jan sa, yana da na'urar da ke janyo reshe da kanta, kuma farashinsa kan kai na mota. Mu lura da cewa reshen da ya kai inci 3 a wurinmu itacen girki ne mai daraja.

Wuƙaƙen nan su ne ran injin, kuma ƙasarmu ba ta yi musu sauƙi. Yashin da ke manne a jikin reshen da aka ja a ƙasa yana dakushe su. Busasshen marke da tsamiya suna da tauri ƙwarai, domin injin ya fi son ɗanyen itace. Itatuwan cikin gari kuwa cike suke da ƙusoshi da wayoyi na masu liƙa talla da masu kafa rumfa, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta ɓare wuƙa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, sai an riƙa wanke ta kullum. Idan injin na waje ne, wajibi ne a tambaya tun kafin a biya kuɗi: ana samun wuƙarsa da bel da boris ɗinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari? Akwai makanikin da ya san shi? Dukkanmu mun san taraktoci da injunan ban ruwa da suka zama matattarar kaji a garuruwanmu saboda rashin wani ɗan ƙaramin ƙarfe. Araha ba ta ado, musamman a injin na hannu da ba a san abin da ya sa mai shi ya rabu da shi ba.

Haka kuma kada a rikita shi da injin niƙa kara da maƙeran zamani ke ƙerawa a Kano. Shi wancan da guduma yake aiki, yana farfasa karan dawa da na masara da harawa su zama abincin dabbobi. Zai iya cin ƙirare sirara, amma reshe mai kauri zai karya shi. Akwai injunan da aka haɗa wa wuƙa da guduma a jiki ɗaya, kuma za mu dawo kansu nan gaba.

Sai kuma tambayar da matasa suka fi mantawa: wa zai sayi ɓarɓashin? Amfaninsa na gaskiya shi ne a shimfiɗa shi a gindin bishiyoyin lambu domin ya riƙe laima ya hana ciyawa. Amma idan aka cakuɗa shi ɗanye a cikin ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi sukan janye sinadarin naitirojin, shuka ta yi rawaya. Ya fi kyau a fara shimfiɗa shi a turken dabbobi ya sha kashi da fitsari, sannan a kai gona a matsayin taki. Yana kuma janyo gara, don haka ba a tara shi kusa da gini ko rumbu. Masu kiwon kaji suna buƙatar shimfiɗa, amma sun saba da ɓarɓashin katako mai laushi da suke samu a wurin 'yan katako na Na'ibawa. Ke nan kasuwar wannan kaya sai an gina ta, kuma ginin kasuwa yana ɗaukar lokaci.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWA YA YI

Ba za mu kawo farashin kasuwa ba, domin yana sauyawa kafin mujallarmu ta fito daga maɗaba'a. Za mu ba da misali ne kawai, kowa ya cire alƙalumanmu ya sa na ranar da yake lissafi.

A ƙaddara inji ya kai N2,000,000, kuma zai yi shekara 5 yana aiki. Kowace shekara ke nan yana cin N400,000 daga darajarsa, ko an tayar da shi ko ba a tayar ba. A ƙara N200,000 na gyara da wasa wuƙa da bel da wurin ajiya da gadi. Sannan a tuna cewa da an sa wannan jari a kiwon raguna ko ajiyar hatsi, da ya kawo wani abu, a ce N300,000. Jimla N900,000 a shekara, ban da mai, domin mai da wanda ya saya da wanda ya yi haya duk sai sun zuba. Idan hayar irinsa N20,000 ce a yini, sai a raba N900,000 da N20,000, a sami kwana 45. Ma'ana, duk wanda ba shi da cikakken aikin inji na kwana 45 a shekara, haya ta fi masa riba. Wanda ya wuce haka sosai, saye ya fi.

To kwana nawa matashi mai fara sana'a zai samu? A tuna cewa ba kwanakin gyaran bishiya ake ƙirgawa ba, kwanakin da aka tara tarkacen da babu mai saye ake ƙirgawa. Aikin kansa na lokaci ne: yana yawaita da bazara, lokacin da masu gidaje ke tsoron iskar farkon damina, sai kuma bayan iskar ta yi ɓarna. Da damina ta kankama shuka ta rufe gonaki, babu hanyar shigar da inji, matasan ma suna gona. Babu wanda zai san adadin sai wanda ya yi shekara guda yana rubutawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

ALHERIN HAYA DA AIBINTA

Haya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Muna hayar tarakta da shanun huɗa da injin sussuka da na casa, har a biya da kwano ko da buhu. Alherinta ga mai farawa shi ne jarinsa na hannunsa, babban gyara na kan mai inji, kuma yana iya sa kuɗin hayar cikin jingar da ya yi da mai aiki, ya karɓi kafin alƙalami ya biya. Yana kuma samun damar gwada injuna daban-daban kafin ya san wanda ya dace da itatuwanmu.

Amma za a ce mana zanen aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne. Injin daddatsa rassa ba shi da yawa a ƙasar nan, kuma lokacin da kake buƙatarsa shi ne lokacin da kowa ke nema. Maganin wannan shi ne a tara ayyuka: a yi ta sauke rassa ana tara tarkace wuri guda, sannan a ɗauko inji na yini ɗaya ko biyu a gama da su. Idan ba a sami na haya ba, hayar amalanke ko a-kori-kura da 'yan ƙwadago biyu za ta kwashe tarkacen, an kuma ba wasu abinci. Duk lokacin da za a yi haya, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: wa zai zuba mai, wa zai biya idan wuƙa ta ɓare, ƙarfe nawa yini ke farawa ya ƙare, kuma injin zai zo da mai sarrafa shi ko a'a. A tayar da shi a gwada a gaban mai shi kafin a ɗauka. Rashin wannan rubutu ya sha raba zumunci.

ABIN DA YA KAMATA A FARA SAYA

Idan akwai jari, ga inda ya kamata ya fara shiga. Na farko kayan kare lafiya: hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai tauri, igiyoyi masu ƙarfi da ɗamarar hawa bishiya. Na biyu kayan hannu: gatari, adda, barandami, zarton hannu da tsani. Na uku zarton inji guda ɗaya mai inganci, irin na kamfanin Stihl ko Husqvarna, daga dillalin da aka amince da shi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Shi wannan zarto ana gauraya masa fetur da man inji bisa ma'aunin da kamfani ya rubuta, wanda a yawancin na zamani kashi 50 ne na fetur ga kashi 1 na mai, kuma sarƙarsa na da nata man daban. Wannan ne injin da zai yi aiki kusan kowace rana, don haka shi ya cancanci saye. Na huɗu abin sufuri, ko da amalanke ce, domin ribar sana'ar a ƙasarmu tana cikin itacen da aka kai kasuwa.

Gaba da duk waɗannan akwai ilimi. Reshe mai nauyi da yanka uku ake sauke shi: a fara tsaga shi ta ƙasa ɗan nesa da jikin bishiya, a yanke ta sama gaba kaɗan, sannan a cire guntun da ya rage daidai bayan kumburin da ke gindin reshe, domin nan ne bishiya ke rufe rauninta. Wanda ya yanka sau ɗaya zai saɓule ɓawo, ruwa ya shiga, ruɓa ta biyo baya. Ba a cire wa bishiya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassanta a lokaci guda. Ba a taɓa ɗorawa tana fure, mangwaro kuma sai an gama tsinkar 'ya'yansa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta tana kusa da mu, kuma tsofaffin masu hawa bishiya na garinmu suna nan da ransu. Haɗa ilimin biyu shi zai fitar da gwani.

HAƘƘI DA DOKA DA TSARON RAI

Zarton inji kan gama cikin minti kaɗan da abin da ya yi shekara 50 yana girma, don haka wanda ya riƙe shi ya riƙe amana. A ƙasarmu mai noma gona ba lallai ne shi ne mai bishiyar da ke cikinta ba. Gonar na iya zama ta aro ko ta jingina, ɗorawar kuma ta magada ce da ba a raba ba, har da mata da marayu. Kada matasanmu su ɗora zarto a kan bishiya sai sun ji daga mai ita, mai unguwa ya shaida. Idan kayarwa ce gaba ɗaya, a nemi izinin jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma. Idan rassa na kusa da wayar lantarki, a sanar da kamfanin KEDCO a tabbatar an kashe layin, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo.

Akwai kuma wani haɗari da ya shafi bashi. Matashin da aka ɗora wa bashin inji mai tsada, idan aikin gyara ya yi ƙaranci, zai koma kayar da lafiyayyun itatuwa domin ya biya. Ta haka sana'ar da aka kafa don raya bishiya za ta zama mai kashe ta, a jihar da ke cikin jihohi 11 na sahun gaba wajen fuskantar hamada, waɗanda shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa. Wannan ma hujja ce ta kada a yi gaggawar saye.

Game da tsaron rai, injin daddatsawa ba ya bambance reshe da hannu. Ba a kusantarsa da babbar riga ko rawani ko hirami ko wata igiya mai lilo. Ana cusa reshe ta gindinsa, mutum na tsaye a gefe, guntaye kuma da sanda ake tura su. Idan ya toshe, sai an kashe shi ya tsaya cak kafin a buɗe. A kori yara daga wurin. Mai hawa bishiya kada ya hau shi kaɗai babu kowa a ƙasa, kuma ya duba ko akwai amya ko zuma a kogo, domin ƙarar inji na tunzura su. Kuɗin hula da igiya bai kai na jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Bisa abin da ya gabata, muna ba ƙungiya shawarwari kamar haka:

1. A amince da buƙatar matasan, a ba su rancen kayan kariya da kayan hannu da zarton inji ɗaya, bayan sun sami horo.

2. A ba su littafi su riƙa rubuta kowane aiki na shekara guda: wurin aiki, abin da aka biya, abin da aka sayar na itace, yawan tarkacen da ya rage, da abin da aka kashe wajen kwashe shi ko hayar inji.

3. A taro mai zuwa kwamitin kuɗi ya duba littafin. Idan kwanakin sun kai, ƙungiya ta saya da sunanta, ta ba da haya ga kowa, a ware wani kaso na kuɗin hayar a asusun gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Idan za a saya, a fifita injin da ke da wuƙa da guduma, wanda zai daddatsa rassa da bazara, ya niƙa kara da harawa da kaka domin masu kiwo. Ta haka zai yi aiki a yawancin watannin shekara.

5. Mu mazauna birane mu zama kasuwar farko. Da yawanmu muna da itatuwa a gidajenmu, ko muna da faɗa a ji a makarantu da ma'aikatu. Mu kira yaranmu mu ba su aiki, mu biya su yadda za mu biya baƙo.

6. A sa sharaɗi cewa duk bishiyar da aka kayar, a dasa wasu a madadinta a kuma kula da su har su kama. Shugabanni su tuntuɓi ofishin shirin ACReSAL na jiha, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa, a ji ko za a sami dashe ko horo.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, matasan da suka kawo wannan buƙata sun cancanci yabo, domin sun duba garinsu sun hango sana'a a daidai lokacin da wasu ke hangen tasha. Taimakon da ya fi dacewa da su shi ne mu hana jarinsu na farko kwanciya a cikin ƙarfen da zai yi wata tara a rufe da tamfol. Su fara da gatari da zarto da igiya da littafin lissafi, su ɗauki haya idan aiki ya nema, mu kuma mu tsaya musu da kasuwa da shawara. Idan shekara ta zagayo littafin ya ce a saya, za mu taru mu saya babu fargaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya yi wa matasanmu albarka, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.